Tsaga a Kunci, Sani a Ƙwaƙwalwa: Tarihin Gane Fuska a Ƙasar Kabi

Tsawon ƙarni na 19, mutumin da ya bar Argungu ya nufi Gwandu ko Sakkwato ba sai ya buɗe baki ba kafin a san irinsa. Shaidarsa tana kuncinsa. Tun ranar da ya cika kwana bakwai a duniya wanzami ya zauna a zauren gidansu, ya aske masa gashin da ya zo da shi, ya wasa aska, ya ja masa siraran layuka daga gefen kai zuwa gefen baki, sannan ya shafa baƙin tukunya don su zauna. Daga ranar nan har kabari, duk wanda ya gamu da shi a kan turba zai ce Bakabe ne. Bagobiri yana da tasa tsagar, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ba'are da tasa, Bazabarme da tasa, Bazamfare da tasa. A lokacin zaman lafiya tsaga ado ce, kuma da ita Bakatsine yake hango taubashinsa Bakabe daga nesa ya fara shirya tsiyar da zai yi masa. A lokacin yaƙi kuwa, kallo ɗaya ya isa ya raba wanda za a ba ruwa da wanda za a ɗaure.

Ƙasar Kabi kuwa ba ta rasa yaƙi ba. Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun saɓa kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa Surame da ganuwarta ta dutse wadda kufanta yake nan har yau. Wajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya mayar da gadon sarauta Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci birnin, Sarki Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da faɗa daga nesa har aka kashe shi a 1826. Karari ya gaje shi a Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame aka kai shi Sakkwato, ya zauna a hannun Sarakunan Musulmi, ya yi musu yaƙi har suka amince da shi suka bar shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, Kabi ta sake tashi da Argungu a matsayin babban birninta. Bature Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya tarar da hanyoyi cike da tsoro, tsohon birnin kuma ya zama kufai. In ka cire 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, haka aka yi ta kai hari ana ramawa har zuwan Turawa.

A irin wannan zamani yaro yakan tafi kiwo ko ɗiban ruwa, mahara su ɗauke shi, a sayar da shi a kasuwar da ba a jin harshensa. In Allah ya sa bayan shekara goma wani fatake ya gan shi, ba sunansa zai gane ba, don an canja masa suna; ba muryarsa ba, don ta buɗe. Tsagar ce za ta ce ɗan gidan su wane ne, a koma a ba da labari, a tara kuɗin fansa. Turawan Ingila ma sun fahimci amfaninta. Daga 1808, idan jiragensu sun tare jirgin bayi a teku suka sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo, magatakarda yakan rubuta sunan kowa da tsayinsa da kimanin shekarunsa da irin zanen da yake fuskarsa. A cikin waɗannan rajistoci akwai Hausawa, kuma masana tarihi suna komawa ga bayanin zanen don su gano ƙasar da aka kwaso mutum.

Sai dai tsaga tana da iyaka, kuma a iyakar nan ne labarina yake. Tana gaya wa baƙo irin mutum, ba ta gaya masa mutumin. Kabawa dubu za su tsaya a filin Idi da tsaga iri ɗaya, amma uwa ba ta ƙirga layuka kafin ta ce wancan ne ɗana. Ta hango shi daga baya ma ta san shi, daga yadda yake jefa ƙafa. Wannan sanin ba wanzami ne ya yanka shi ba. Ina yake zaune, kuma ta yaya yake fitowa kafin mutum ya yi tunani?

Malamanmu sun daɗe da sanin cewa al'amarin ba na ido kaɗai ba ne. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta nuna haka: 'yan'uwansa suka shigo wurinsa a Masar, shi ya gane su, su ba su gane shi ba, alhali fuska ɗaya suka taso suna kallo. Sun bar yaro a rijiya, ba su zo da zaton samun mai mulki ba. A hadisi kuma akwai labarin Wahshi, wanda Ubaidullahi ɗan Adiyyu ya ziyarta a Himsa, Ubaidullahi yana naɗe da rawani, ba abin da yake bayyane sai idanunsa da ƙafafunsa. Wahshi ya dubi ƙafafun ya tuna jaririn da ya taɓa miƙawa ga mai shayarwa shekaru masu yawa da suka wuce. Akwai kuma Mujazziz na ƙabilar Mudlij, wanda ya ga ƙafafun Zaidu da Usama sun leƙo daga mayafi ya tabbatar da cewa jini ɗaya ne. Duk wanda ya taso a ƙasar da sarakuna suke ja amawali har kan hanci, Buzaye kuma suke rufe fuska sai ido, ba zai yi mamakin waɗannan labarai ba. Bafade yana bambance hakimai ashirin a cikin hawan salla, ko da kowannensu ido kawai ya bari a waje.

Wanda ya fara zama ya yi wa abin bayani filla-filla shi ne Hasan ibn Haisam, haifaffen Basra wajen 965, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Ya ce abin da ido yake karɓa haske ne da launi kawai. Cewa wannan doki ne, wancan Zaidu ne, aikin hankali ne, wanda yake gwada surar da ta shigo yanzu da surorin da aka ajiye a baya. Ya ce yawan gani shi yake kafa sura a zuci, kuma idan ta kafu, alama ɗaya ta isa mutum ya gane abu, da saurin da shi kansa ba ya lura cewa ya yi wani kwatance. Misalin da ya kawo na mai karatu ne: wanda ya iya rubutu, idan ya ƙyalla ido ya ga kalmar da ya saba da ita, yana gane ta gaba ɗaya ba tare da ya bi harafi-harafi ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya raba aikin gida-gida a cikin ƙwaƙwalwa: gaba inda saƙonnin gaɓoɓi suke haɗuwa a ajiye surarsu, tsakiya inda ake fahimtar ma'ana, kamar yadda tunkiya take ganin kyarkeci ta san abokin gaba ne, baya kuma ma'ajiyar tuni. Wuraren da ya nuna ba su ne ba, amma cewa aikin a rabe yake, nan ya yi daidai. Shugabannin jihadi ma ba su raina ilimin jiki ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insan kan lafiyar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu na musamman kan maganin ido.

Wanda yake son ganin misalin Ibn Haisam da idonsa, ya je makarantar allo a unguwar Badariya da sassafe. Ga kolo ɗan shekara biyar yana kan babbaƙu, ya dafa allo a cinya, yatsansa a kan harafi ɗaya, yana kiran sunansa da ƙarfi, ya matsa zuwa na gaba, ya rikice, ya dawo. A gefensa wani ya shiga farfaru, yana haɗa harafi da wasali da ƙyar. Sai gardi ya gifta ta bayansu, allon yana fuskantar wani gefen, tawadar ma ta ɗan zuba. Bai tsaya ba, bai sunkuya ba, ya ce wa yaron ya bar ɗigo a layi na uku, kuma ya faɗi surar da aka rubuta. Ido iri ɗaya ne da na kolon, wataƙila na kolon ma ya fi kaifi. Bambancin shekarun da gardin ya yi yana kallon waɗannan surori ne. A 2010 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane a Barazil da Fotugal, waɗanda suka yi karatu da waɗanda ba su yi ba. Suka ga wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa ta hagu yana amsa wa rubutu da ƙarfi a wurin masu karatu, har da waɗanda suka koya da girmansu. Allo yana gina wa kansa wuri a cikin kai.

Likitocin Turai sun shigo zancen ne ta ƙofar cuta. A 1890 Heinrich Lissauer, a birnin Breslau, ya ba da labarin wani tsoho mai shekara 80 wanda idonsa yake gani, yana iya kwaikwayon zanen abin da aka ajiye masa, amma ba ya iya cewa mene ne sai ya taɓa shi ko ya ji ƙararsa. A 1947 Joachim Bodamer, likitan Jamus, ya rubuta bayanin waɗanda aka raunata a ƙeya lokacin yaƙin duniya na biyu. Ɗaya saurayi ne ɗan shekara 24 da harsashi ya shiga kansa. Ya san wannan fuska ce, ga ido, ga hanci, ga baki, amma ba ya gane danginsa sai sun yi magana, ba ya ma gane kansa a madubi. Da a ce Bakabe ne, zai iya ƙirga tsagar mahaifiyarsa ya ce Bakabiya ce, amma ba zai san ita ta haife shi ba. Ciwon ya raba abubuwa biyun da muka ɗauka ɗaya ne.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babin na makiyaya ne. A 1969 aka rubuta rahoton wani manomi da bayan ciwon ƙwaƙwalwa ya daina gane fuskokin mutane, ya kuma daina gane shanunsa ɗaya-ɗaya. A 1984, a Suwizalan, aka sami wani wanda gane mutane ya dawo masa amma gane shanu bai dawo ba. A 1993 kuma Jane McNeil da Elizabeth Warrington a Landan suka ba da labarin wani da shanyewar jiki ta ɗauke masa gane fuskar ɗan Adam, ya koma kiwon tumaki, ya zamana yana bambance tumakinsa da fuskokinsu alhali mutane sun gagare shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Rima da yamma lokacin da garke yake komawa ruga ya san girman abin da waɗannan mutane suka rasa ko suka samu. Kai da ka zo daga gari, Bunaji hamsin kake gani, duk farare, duk masu ƙaho. Bafulatanin da yake gabansu bai ƙirga ba, amma ya tsaya cak ya ce ɗaya ba ta nan, ya faɗi sunanta da na uwarta. Idan aka sace ta, ya gan ta a kara bayan watanni, ta rame, an shafa mata ƙasa, zai nuna ta a cikin Bokoloji da Rahaji ɗari. Isabel Gauthier ta nuna a 2000 cewa masana tsuntsaye da masana motoci, idan suna kallon abin da suka ƙware a kai, yankin da yake aiki wajen gane fuska yana motsawa. Su ma dabbobin ba a bar su a baya ba: Keith Kendrick ya nuna a 2001 cewa tunkiya tana riƙe fuskokin tumaki 50 har sama da shekara biyu.

Yadda aikin yake gudana a ciki, an fara leƙa shi ne a ƙarshen shekarun 1950. David Hubel da Torsten Wiesel, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka sa siririyar waya a ƙeyar ƙwaƙwalwar kyanwa suna sauraron ƙwayar jijiya guda. Sun daɗe suna haska mata ɗigo ba ta amsa ba, sai da inuwar bakin gilashin da suke turawa cikin na'ura ta gifta. Ashe layi take jira, kuma layin da ya karkata ta wani gefe na musamman. Maƙwabciyarta tana jiran layi mai wata karkatar. Wannan aikin ya ba su kyautar Nobel a 1981. Ke nan matakin farko na gani shi ne tsinke hoto zuwa layuka da gefuna, irin waɗanda askar wanzami take ja. Daga ƙeya saƙon yana gangarowa ta ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa wajen kunne, kowane zango yana haɗa abin da na baya ya miƙo: layuka su zama kusurwa, kusurwa ta zama sura, sura ta zama abu. Wajen 1969 Charles Gross ya ci karo da wata ƙwaya a can gaba, a ƙwaƙwalwar biri, wadda ta ƙi amsa wa komai sai da wani ya kaɗa hannunsa a gaban allon gwajin. Surar hannu take so. Daga baya aka sami masu son fuska. A 1997 Nancy Kanwisher ta nuna wani yanki a ƙasan ƙwaƙwalwar mutum, ya fi ƙarfi ta dama, wanda yake tashi idan an ga fuska, kuma kusan nan ne raunin marasa lafiya irin na Bodamer yake faɗawa. A 2005 Rodrigo Quian Quiroga, yana aiki da masu farfaɗiya da aka sa wa waya a kai don neman tushen ciwonsu, ya sami ƙwayoyin da suke amsa wa mutum guda, ko ta wane gefe aka ɗauki hotonsa, wata ma har da sunansa a rubuce.

Duk wannan tafiyar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Simon Thorpe a Faransa ya auna a 1996 cewa cikin kashi 150 daga dubu na daƙiƙa ɗaya ƙwaƙwalwa ta riga ta raba hoton da yake da dabba da wanda babu. Ajiyar kuma ba hoto ba ne da aka jingine a wani lungu. Donald Hebb ya kawo bayaninta a 1949: ƙwayoyin da suke tashi tare, mahaɗarsu tana ƙara ƙarfi. Kamar turbar da take ratsa fadama ce, ba wanda ya share ta, sawu ne ya yi ta, kuma mai bin ta karo na ɗari ba ya laluben hanya. Shi ya sa ganin abin da ka saba da shi ba ya gajiyar da kai. Faɗin ma'ajiyar ma abin tasbihi ne. A 1973 Lionel Standing a Kanada ya nuna wa mutane hotuna 10,000 cikin kwana biyar, sannan ya riƙa haɗa wanda suka gani da sabo. Suka zaɓi daidai sau 83 cikin ɗari. Rob Jenkins na jami'ar York ya ƙiyasta a 2018 cewa matsakaicin mutum ya san fuskoki wajen 5,000.

Argungu tana da nata darasin a kan wannan, kuma a cikin ruwa yake. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi masa su don girmamawa, aka rufe babin gabar da ta haura shekara ɗari. Daga nan bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Idan masunta dubbai suka auka cikin kogin Matan Fada da gora da homa, ruwan yakan koma laka, ba mai ganin tafin hannunsa. Wanda ya nutsa da hannu yake gani. Santsin tarwaɗa daban, ƙayar kurungu daban, faɗin ɓawon giwan ruwa daban, kuma tsohon masunci yana sanin abin da ya taɓa kafin ya ɗago kai. Amir Amedi ya nuna a 2001 cewa wani yanki na ɓangaren gani yana tashi idan mutum ya laluba abu da hannu ido rufe. Amma haɗin hannu da ido koyonsa ake yi. A Indiya, Pawan Sinha ya gwada yara biyar da aka haifa da yanar ido aka yi musu aiki da girmansu. Sakamakon ya fito a 2011. Da farko ba su iya haɗa abin da suka taɓa da abin da suke gani ba, bayan 'yan kwanaki suka fara iyawa.

Saura abu ɗaya da kowa ya taɓa ji a jikinsa. Ka fito daga masallacin Juma'a, wani dattijo cikin babbar riga da hula ya miƙo maka hannu, zuciyarka ta ce ka san shi, amma ina? Kuna gaisawa, ya iyali, ya gajiya, kana lalube. Sai da ka kai gida ka tuna mahaucin da kake sayen nama wurinsa ne, ba ka taɓa ganinsa ba sai da wuƙa a hannu. George Mandler ya yi amfani da misalin mahauci irin wannan a 1980 don ya nuna cewa gane abu hawa biyu ne: jin sabo, wanda yake zuwa nan take, da tuna wuri da lokaci, wanda yake biyo baya ko ya ƙi zuwa. Yawancin masana suna danganta na biyun da wani sashe mai lanƙwasa a can ciki da ake kira hifokamfas, na farkon kuma da ɓawon da yake maƙwabtaka da shi. A 1953 aka cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, mafi yawan hifokamfas ɗin a gefe biyu don maganin farfaɗiya. Har ya rasu a 2008 bai ƙara riƙe sabon al'amari yadda ya kamata ba. Suzanne Corkin ta yi shekaru da dama tana aiki da shi, bai iya cewa ga inda ya san ta ba, amma yakan ce kamar tare suka yi makaranta.

A nan nake son mai karatu ya tsaya, don jin sabo yana iya yaudara, kuma mai shi ba ya jin cewa an yaudare shi. Mutum zai ga fuska a kasuwa ranar Talata, a yi sata a unguwa ranar Alhamis da dare, ranar Asabar ya sake ganin fuskar, jin sabon ya taso, ya rantse da Allah shi ne ɓarawon. Ba ƙarya ya shirya ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta ɗora fuskar a wurin da ba nata ba. A Amurka, cikin mutanen da gwajin ƙwayar halitta ya wanke bayan an ɗaure su, kusan kashi 70 cikin ɗari shaidar wanda ya ce ya gan su da idonsa ce ta kai su kurkuku. Kuskuren ya fi yawa idan fuskar ta wata al'umma ce da ba ka saba da ita ba. David Kelly ya nuna a 2007 cewa jariri ɗan wata uku yana bambance fuskokin kowane jinsi, amma kafin wata tara ya fi ƙwarewa a kan irin waɗanda yake gani kullum. Shi ya sa Bature yake cewa duk kamarmu ɗaya, mu ma muke cewa haka game da 'yan Sin. A garuruwanmu, inda ihun ɓarawo yake tara jama'a da sanduna cikin minti biyu, kuma baƙo ne ya fi saurin faɗawa hannu, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Musulunci da ya tsananta sharuɗɗan shaida ya san halin ɗan Adam.

Ita kuwa tsaga, kwananta ya ƙare a hankali. Turawa sun shigo Argungu da Gwandu a farkon shekarun 1900, hari da kamun bayi suka tsaya, babban dalilin yin ta ya faɗi. Malamai sun yi ta tunatarwa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yi wa fuska lamba. Likitoci suka ƙara da gargaɗin cututtukan da aska ɗaya take yaɗawa, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 kuma ta haramta yi wa yaro zane a fata. Yau a Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, za ka ga kaka da tsaga cikakkiya, jikanta kuwa kunci sumul. Aikin shaida ya koma hannun kati da na'ura. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce take duba yatsa ko fuskar mai zaɓe. Irin waɗannan na'urori daga kyanwar Hubel da Wiesel suka samo asali: Kunihiko Fukushima na Japan ya kwaikwayi tsarin zango-zangon nan a kwamfuta a 1980, daga 2012 kuma fasahar ta bunƙasa. Na'urorin sun gaji har da raunin jaririn nan ɗan wata tara. Joy Buolamwini ta nuna a 2018 cewa wasu manyan manhajoji, wajen bambance mace da namiji, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a kan fararen maza, amma ya kusa kashi 35 a kan mata baƙaƙe, saboda ba su aka fi nuna musu ba lokacin horo.

Ban yi baƙin cikin daina yanka fuskar jarirai ba, kuma ba na kiran a dawo da shi. Abin da yake damuna shi ne masu iya karanta tsagar suna ƙarewa. Tsofaffin wanzamai da Sarakunan Aska sun san wane layi ne na gidan sarauta, wanne na masunta, wanne aka yi don magani, wanne aka ƙara don uwa ta sha rasa 'ya'ya. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ya kasance fadar Sarkin Kabi har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, ya adana makamai da tambura da kayan su. Ya dace ɗalibanmu na tarihi su ɗauki takarda da na'urar ɗaukar murya su zauna da waɗannan dattawa tun suna raye, a zana kowace tsaga, a rubuta gidanta da dalilinta, a ajiye a can.

Roƙona na biyu ga masu tsofaffi ne a gida. Idan Baba ko Inna suka wayi gari suna kallonku kamar baƙi, ba sa gane ku sai kun ce Baba, ni ne, kada a ce girman kai ne ko iskoki ko rigimar tsufa. Hawan jini yana iya toshe ko fasa jijiya a daidai yankin nan na ƙasan ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba. A kai su asibiti a ranar, kada a jira gobe.